Ranar da Ruwan Teku Ya Tare Mu a Tsibirin Ruhubanawa

Haɗeja zuwa Kano

Ba a kira assalatu ba na gama ɗaure kayana, na zauna a bakin gado da mayafi a kafaɗa ina jiran mota. Autata Yagana ce ta haihu a Ingila, haihuwar fari, kuma sai da aka yi mata aiki aka ciro yaron. Da a gida ne, ita za ta zo wanka wurina. To mijinta likita ne a wani asibiti a garin Newcastle, can arewacin ƙasar, kuma ba su da kowa a kusa, don haka ni aka yi wa takardu in bi ta. Duk koyarwata ta firamare a nan Haɗeja na yi ta har na yi ritaya, kuma in aka ɗebe aikin Hajji, ban taɓa wuce Kaduna ba.

Muna idar da sallah maigidana, Malam, ya rako ni ƙofar gida. Ya ce, "Hajiya, ki riƙe addu'a, ki kuma riƙe fasfo."

Tsakiyar damina ce, kogi ya cika ya batse. Da muka bi ta bakin gari na hango maza a kan jinga suna jera buhunan yashi tun da duku-duku. Mutane suna zaton duk wanda aka haifa a Haɗeja kifi ne. Ni dai ban iya iyo ba, kuma tun ina yarinya ba na shiri da ruwan da ya wuce idon sawu. Gaba kaɗan da Malam Madori muka tarar ruwa ya hau kwalta, gonakin shinkafa na hagu da na dama sun haɗe sun zama tafki ɗaya. Na ce wa direban, wani Sale da ya saba kai Malam Kano, "Sale, ko dai mu juya?"

"Haba Hajiya, wannan ai wankin taya ne. Rufe idonki kawai."

Na rufe, ina jin ruwa yana dukan cikin mota, har muka fita. A Gujungu muka karya da koko da ƙosai. Kusa da Gezawa wani ɗan sanda ya leƙo ya toshe hanci ya ce, "Mama, me kika ɗauko haka?" Na ce daddawa ce da bandar kifi. Ya ce sai ina? Na ce Ingila. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce Allah ya ba Turawa haƙuri. Kafin azahar muka shiga Kano, na sauka gidan ƙanena, washegari ya kai ni filin jirgi.

Kano, Alƙahira, London

Jirgin Alƙahira bai dame ni ba, don rabin mutanen ciki namu ne, masu zuwa asibiti da 'yan kasuwa. Daga can ne na zama ni kaɗai. Na duba gaba na duba baya, babu mai kama da ni. Abincin da suka kawo ban san kansa ba, sai na sha shayi da burodi na ja carbi.

A London ma'aikacin shige da fice ya daɗe yana kallon fuskata yana kallon hoton. Ya tambaye ni wurin wa na zo, yaushe zan koma. Turancin da na yi shekaru ina koya wa yara ya gudu ya bar ni, sai da na haɗiye yawu ya dawo. Da ya ji jika aka haifa mini sai ya saki fuska ya buga hatimi. Ina murna na tsira, sai ga wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna a gaban jakata ya ƙi tashi. Na ce shi ke nan, yau za a mayar da ni Haɗeja a kan daddawa. Matar da ke riƙe da karen ta buɗe jakar, ta ɗaga ƙullin kanwa ta ce mene ne wannan. Na ce ta kunu ce, mai jego take sha. Ta tambaya ko akwai nama. Na ce babu, don Yagana ta ja mini kunne a kan kilishi. Ta shanshana kifin, ta kawar da kai, ta rufe jakar da sauri ta ce in wuce.

Mijin Yagana yana waje yana jirana. Sunansa Bukar, iyayensa mutanen Birniwa ne. Ya durƙusa a tsakiyar Turawan nan ya gaishe ni, na amsa ina kallon gefe. Tun da ya auri 'yata ban taɓa kiran sunansa ba, Likita nake cewa, kuma in ina da magana ta bakin Yagana take bi. Muka hau jirgin ƙasa muka miƙa arewa, wajen awa uku, yana gaba ina baya.

Newcastle

Gidansu ɗaki biyu ne a hawa na uku. Na sami Yagana ta rame, tana tafiya a duƙe saboda ɗinkin. Yaron kuwa tubarkalla, fari sol, mai cikar gashi. Na karɓe shi na ce, "Angon nawa, ai ga ni na zo." Babu ganyen darbejiya a garin, babu murhu, babu tukunyar wanka. Da ruwan famfo mai zafi da tawul na riƙa gasa mata jiki, ina kaffa-kaffa da cikin, ina dama mata kunun kanwa safe da yamma. Har aka yi arba'in ban san garin ba sai ta taga.

Da ta warware sai Likita ya ɗauki hutu ya ce wa Yagana bai kamata Iya ta koma ba ta ga komai ba. Shi mutum ne mai son tsofaffin gine-gine. Ya ce lardin da ke maƙwabtaka da su, Northumberland, cike yake da kufan gidajen ruhubanawa. Kalmar na san ta a wurin tafsiri, wato Nasaran da suka bar duniya, ba aure ba haihuwa, suka killace kansu don ibada. Ban taɓa zaton zan taka inda suka kwana ba. Na ce wa Yagana, "Ke, shiga irin wuraren nan babu laifi kuwa?" Likita ne ya amsa daga ƙofa, kansa a ƙasa, "Iya, kallo ne kawai da ɗaukar darasi. Yawancinsu ma ko rufi babu."

Tynemouth

Na farko ba shi da nisa da gida, a bakin teku inda kogin garin yake faɗawa. A kan wani tsauni suka gina shi, teku ta kewaye shi ta gefe uku. Bango ɗaya ne ya rage mai tsawo, da dogayen tagogi waɗanda sararin sama kawai ake gani ta cikinsu. Kewaye da shi duwatsun kaburbura ne, iska da gishiri sun cinye rubutunsu har sun yi ramuka kamar saƙar zuma. Iskar kuwa sai da na riƙe mayafina da hannu biyu.

Likita ya karanto daga allon da ke wurin, Yagana tana mayar mini. Wai wannan gidan reshe ne na wani babba da ke kudu, kuma in ɗaya daga cikin ruhubanawan ya yi taurin kai a can, nan ake turo shi ya zauna da sanyi da kukan tsuntsayen teku har ya yi laushi. Ban ga laifin wanda ya yi laushin ba. Na leƙa ƙasa sau ɗaya, na ga ruwa baƙi yana dukan dutse yana kumfa, na ja baya. Kogin Haɗeja ko ya yi fushi kana hango ɗaya gaɓar. Wannan ba shi da ɗaya gaɓar. Na ce a mayar da yaro mota. A hanya muka sayi soyayyen kifi da dankali a takarda, ba yaji ba komai, amma da zafinsa.

Hexham

Washegari da hantsi muka yi yamma, ƙasa da awa guda a mota, cikin tuddai da tumaki masu kauri kamar an naɗe su da bargo. Ginin Hexham yana nan da rufinsa, har yau suna ibada a ciki. Na yi bisimilla a ƙofa na shiga ina bin bayan Yagana.

Wata tsohuwa mai farin gashi da ke yi wa baƙi bayani ta ɗauke mu. Ta nuna mana wata matakalar dutse mai faɗi, tsakiyar kowane mataki ya lotsa kamar turmi. Ta ce ta nan mazauna gidan suke saukowa daga ɗakin barcinsu su yi addu'a tun gari bai waye ba, rani da damina, ɗaruruwan shekaru, ƙafafunsu ne suka cinye dutsen. Ta ce a wuni suna taruwa addu'a sau da yawa, tsakanin haka kowa da aikinsa, mai noma, mai kiwon tumaki, mai jinyar marasa lafiya, mai saukar baƙi. Na tambaya ko mata ma suna yi. Ta ce ƙwarai, akwai gidajen mata daban a cikin lardin, sai dai nasu ƙanana ne kuma talakawa, yawanci ko kufansu bai rage ba. Sai ta nuna wata kujera da aka sassaƙa daga dutse guda. Wai a da, ko kisan kai mutum ya yi, in ya gudo ya iso nan, ba mai ikon taɓa shi sai an yi shari'a.

Daga nan ta buɗe wata 'yar ƙofa a tsakiyar daɓe, matakala ta yi ƙasa. Ta ce wannan ɗakin ya girmi duk ginin, ya haura shekara dubu, a nan suke ajiye ƙasusuwan waliyyansu. Likita ya karɓi yaro, ni da Yagana muka sauka. Hanyar da ƙyar take ɗaukar kafaɗuna. Ƙasan sanyi ne da warin ƙasa mai danshi, rufin yana kusa da kaina, ba taga. Abin da ya faɗo mini shi ne kwanciyar kabari. Na juya na ture Yagana na hau da hannu da ƙafa, na zube a kan benci ina salati. Tsohuwar ta kawo mini ruwa tana shafa bayana tana cewa ba ni ce ta farko ba.

Tsibiri

A rana ta uku muka fita bayan asuba, muka yi arewa sosai, kusa da iyakar Scotland. Tsibirin sunansa Lindisfarne, amma sun fi kiransa Tsibiri Mai Tsarki. Abin da ban gane ba sai da na gani shi ne babu gadar da ta haɗa shi da tudu. Teku ce take janyewa sau biyu a wuni ta bar fili fetal na yashi da laka, kwalta ta bi ta tsakiya. In lokacinta ya yi ta dawo ta shafe komai. A bakin hanyar akwai allo mai nuna lokutan da ake wucewa, da hoton mota a nutse. Likita ya sauka ya duba ya ce muna da lokaci har bayan la'asar.

Muka hau kwaltar tana jiƙe, ciyawar ruwa a kwance a kanta. A inda wani rafi ya ratsa akwai 'yar gada, gefenta kuma wata farar bukkar katako a kan dogayen ƙafafu, kamar rumbun da aka ɗaga sama, da matakala. Na ce, "Yagana, wancan na mene ne?" Ta ce na waɗanda ruwa ya ritsa da su ne.

Kufan gidan na jan dutse ne. Wani siririn bakan gini na dutse ya tsallaka daga bango zuwa bango a can sama, shi kaɗai, ba abin da yake ɗauke da shi, na rasa me ya hana shi faɗowa. A ɗakin tarihi na kusa muka ga kwafin littafinsu da wani mutum guda ya rubuta da hannu a kan fatar maruƙa, da alƙalamin gashin tsuntsu da tawadar da suka haɗa da kansu. Zayyanar shafukan, da launukan da suka sarƙe cikin juna, sai ta tuna mini zayyanar da malamanmu suke yi wa allon sauka. Na daɗe a tsaye a gabansa.

Sai Yagana ta karanto mini abin da ya same su. Wata rana jirage masu dogon wuya suka ɓullo daga teku, mahara suka sauko da gatura. Mutanen gidan ba su da ko sanda. Aka kashe na kashewa, aka jefa wasu a ruwa, aka ɗaure matasa aka tafi da su bauta. Da harin ya ƙi ƙarewa, waɗanda suka rage suka haƙo akwatin gawar waliyyinsu suka ɗauka a kafaɗa, suka yi shekaru suna yawo da shi gari gari. Daga baya wasu suka dawo suka gina wannan na jan dutse, har wani sarki ya rufe irin gidajen nan kaf a ƙasar, ya kwashe filayensu, aka yaye rufin. Na tuna kakata, yadda take ba mu labarin maharan da suka tashe su daga bakin Chadi, suka taho yamma da abin da kai zai iya ɗauka. Jikina ya yi sanyi.

Muka ci guzurinmu a mota, muka shimfiɗa darduma a kan ciyawa muka haɗa azahar da la'asar. Muna sallamewa hazo ya taso daga teku, fari fat, ya haɗiye kangon da kaburburan da ke gefensa. A cikinsa sai na ji kuka. Muryoyi da yawa, suna hawa suna sauka, sak kukan mata a gidan mutuwa. Tsikar jikina ta tashi. Likita ya ce wasu dabbobin ruwa ne masu kama da ayu, suna kwance a kan yashi, haka suke yi. Na ji shi, amma zuciyata ba ta karɓa ba.

Daidai lokacin yaro ya tashi da yunwa, Yagana ta zauna ba shi nono, ya ɓata jikinsa aka sake masa kaya. Kafin a gama, lokacin da ke kan allo ya wuce da kaɗan. Likita ya ce wa Yagana ko dai mu nemi masauki mu jira, ruwan zai sake janyewa cikin dare ko da safe. Na ce, "Yagana, gaya masa ni ba zan kwana a garin nan ba. In hanya tana nan mu tafi." Ya ce bari mu je mu gani, in da ruwa sai mu juyo.

A kan hanyar teku

Da farko kwalta a bushe take. Muna tafe a hankali, fitila a kunne, ba ma ganin komai sai sandunan da aka kakkafa a gefen hanya suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Can sai na lura yashin da ke gefe ya daina zama yashi, yana ƙyalli. Ruwan bai zo da igiya ko ƙara ba. Shimfiɗowa kawai yake yi, shiru, daga dama yana tsallaka hanya zuwa hagu. Likita ya rage gudu ya waiwaya, ashe bayanmu ma ya rufe. Ya ce tudu ya fi kusa ta gaba. Ya taka, ruwa ya tashi ta gefen tagogi, motar ta yi tari sau biyu ta mutu.

Ya murza makulli, shiru. Ya sake, shiru. Sanyi ya taɓa tafin ƙafata, na duba, ruwa ne yake shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Yagana ta fara "Innalillahi" da wata murya da ban san ta da ita ba. Likita yana ta murza makullin nan, idonsa a kafe, kamar ba ya cikin hayyacinsa.

Ban san lokacin da na daka masa tsawa ba. "Bukar! Bar motar nan! Ina bukkar?"

Ya zabura ya juyo ya dube ni. Ya sauke gilashi ya leƙa ya ce ga ta can, yana ganin ƙafafunta. Na ce, "Yagana, ciro mini yaron." Ta kasa kwance igiyoyin kujerar yaron, sai uban ne ya miƙo hannu ya ɓalle su. Na cire mayafina, na duƙa a cikin motar, ta ɗora mini shi a can sama tsakanin kafaɗuna, na ɗaure da mayafin, na ƙara da zanen da muke rufa masa, na ja ƙulli har numfashina ya ɗauke.

Da ƙyar ƙofa ta buɗe. Da na sa ƙafa, sanyin ya soke ni har cikin ƙashi. Ruwan yana gwiwata, kuma yana ja, kamar hannaye suna fizgar zanena. Takalmina ɗaya ya tafi nan take. Bukar ya shiga tsakiyarmu, ya rungumo matarsa da hannun hagu, ya damƙi damtsena da na dama. Ya ce, "Iya, kada ki ɗaga ƙafa, ja ta za ki riƙa yi. Ki dubi sandar can, kada ki dubi ruwa." Na dubi sandar. Ina jan ƙafa ina Hasbunallahu, ina jin ɗumin yaron a bayana, ina cewa a raina ya Allah ko ni zan tafi ka bar wannan. Kusa da gadar ruwan ya kai cinya. Yagana ta yi tuntuɓe ta durƙusa har wuya, ya fizgo ta, mu duka muka yi tangaɗi, na ji ƙasa ta kuɓuce mini. Hannuna ya faɗa kan ƙarfen gefen gada na ƙanƙame. Da shi muka bi har matakala. Ya ce in fara hawa. Na hau da gwiwoyi, yana tura ni ta baya, ba wanda ya tuna da kunya.

Cikin bukkar benci ne kawai da 'yar taga. Bukar ya kira lambar gaggawa, muryarsa tana karyewa, aka ce kada mu motsa, ana zuwa. Yagana ta jiƙe sharkaf, leɓɓanta sun yi baƙi. Ya tuɓe rigar sanyinsa, wadda samanta bai jiƙe ba, ya sa mata. Na sauko da yaron, ƙafafunsa sun yi sanyi amma jikinsa a bushe. Bai yi kuka ba, kuma shirun nan ya fi komai tayar mini da hankali. Na buɗe rigata na manna shi a ƙirjina na rufe. Uban ya riƙa sa yatsa a wuyansa yana cewa yana lafiya, yana lafiya. Ta taga muna kallon motar, ruwa ya kai gilashi, fitilunta suka yi ta ƙiftawa su kaɗai, sannan suka mutu. Ƙarƙashinmu ruwa yana dukan ƙafafun bukkar, duk dukan sai na ji katakon ya girgiza. Kukan dabbobin nan bai fasa ba. Sai can yaron ya motsa ya tsala ihu, duk mu uku muka fashe da kuka tare da shi.

Gab da magariba muka ji ƙarar inji. Wani kwalekwalen roba ruwan lemo ya fito daga hazo, mutum huɗu a ciki, ɗaya mace. Ita ta hawo. Ta duba yaron, ta naɗe shi cikin wani bargo mai ƙyalli, ta ce in ba ta shi. Hannuna ya ƙi sakinsa. Ta dube ni ta ce ita ma uwa ce, 'ya'yanta uku. Sannan na saki. Suka sauke mu ɗaya ɗaya, suka sa mana rigunan da ke hana nutsewa. Babbansu, wani mai jan gemu, ya ce wa Bukar, ba da faɗa ba, allon nan ba ado ba ne, ba shekarar da ba sa kwaso mutane daga bukkar nan. Bukar ya sunkuyar da kai. Na tattaro Turancina na ce, "Ni ce na ce mu tafi." Mutumin ya dube ni ya gyaɗa kai, ya gyara mini bargo.

A tudu motar asibiti tana jira. Suka kai mu wani asibiti muka kwana, aka duba yaro da uwarsa, aka ce babu abin da ya same su sai sanyi. A nan wata ma'aikaciyar jinya ta gaya mini mutanen kwalekwalen ba albashi ake ba su ba, masunta ne da masu shaguna, in an kira sai su bar abin da suke yi su fito. Da safe Bukar ya zo ya durƙusa a gaban gadona ya ce in yafe masa, shi ne da tuƙi, shi ya kamata ya ƙi. Na ce, "Tashi, ɗana. Ni da kai duk Allah ya yafe mana." Motar kuwa da ruwa ya janye aka jawo ta, ba ta sake tashi ba.

Komawa gida

Bayan mako biyu na kamo hanya. Muka yi shawara kada a gaya wa Malam ta waya, saboda hawan jininsa. Ta Alƙahira na sake biyowa, na kwana Kano, Sale ya zo ya ɗauke ni. Ruwa ya janye daga hanya, ana ta yankan shinkafa. Da la'asar muka shiga Haɗeja. Gida ya cika da 'yan sannu da zuwa, kowa yana tambayar mai jego da sanyin Ingila, ina cewa lafiya lau, ina raba tsaraba.

Sai da aka watse, Malam ya dawo daga sallar magariba ya zauna a tabarma, na kawo masa tuwo na zauna na ba shi labari tun daga allon har zuwa asibiti. Bai katse ni ba, bai kuma taɓa tuwon ba. Da na gama na ce na gode wa Allah da ya fitar da mu, na gode wa surukina da bai saki hannuna ba, na kuma gode wa mutanen nan huɗu da suka bar gidajensu suka shiga teku saboda baƙin da ba su sani ba.

Sannan ya ce, "Su waye su? Ya sunansu?"

Na ce, "Malam, ban tambaya ba. A lokacin ko haƙorana ban iya tsayar da su ba."

Ya share ido da bakin rawaninsa, ya ɗaga hannuwa sama ya ce, "Ba komai. Wanda ya aiko su ya san sunansu. Ɗaga hannunki, Hajiya."